Tambaya Da Amsa: Wai Me Ke Tattare Da Lamba 2,147,483,647?

Assalamu alaikum masu karatu. Cikin saƙonnin da suka shigo wannan karon na ware wasu da duk da mutane daban daban ne suka turo su kuma kowa da abun da ya dame shi, amsarsu gaba ɗaya tana komawa kan lamba guda ne, wato 2,147,483,647. In za'a karanta ta da baki: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Akwai wani gem da nake bugawa a waya, kuɗin cikin gem ɗin sun taru har sun kai 2,147,483,647 daga nan suka tsaya cak, ko wasa nawa na ci basa ƙaruwa. Abokina yace shima nashi daidai nan ya tsaya. Meyasa ba biliyan biyu cif ba ko biliyan uku, sai wannan lamba da ba kai ba gindi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. A idonmu ne take kamar ba kai ba gindi sabida mu da goma goma muke ƙirga, amma a wajen kwamfuta wannan lamba ce mai tsari sosai. Ita kwamfuta da wayarka duk da sifili da ɗaya kawai suke ajiye lamba, kowane gurbi ana ce masa bit, kuma darajar gurbi tana ninkuwa biyu biyu ne: na farko 1, na biyu 2, na uku 4, sai 8, sai 16, haka dai. Ɗauki gurbi uku kacal ka cika su da ɗaya, 111 kenan, ma'anarsa 4 da 2 da 1, bakwai. Ka ga bakwai ɗin nan takwas ce ba ɗaya, kuma ita ce iyakar abun da gurbi uku zai iya ɗauka.

To tsarin da aka daɗe ana amfani dashi a manhajoji da yawa shine a ware wa lamba gurbi 32, sai a cire guda ɗaya dan nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa da sifili, saura 31. In ka cika 31 ɗin nan duka da ɗaya ka tara 1 da 2 da 4 da 8 har zuwa 1,073,741,824, abun da zai fito shine 2,147,483,647 ba ƙari ba ragi. Wato 2 a ninka ta da kanta sau 31 a cire ɗaya, zan riƙa rubuta shi 2^31 − 1 dan sauƙi. Kamar mitar tsohuwar mota ce da ta kai 999999, in ta ƙara tafiya sai ta juye, sai dai ita wannan in aka ƙara mata ɗaya ba sifili take komawa ba, ɗayan yana tsallakawa cikin gurbin alamar nan ne sai lambar ta zama −2,147,483,648. Masu gem ɗinka sun san da haka shiyasa suka sa birki a wajen, da basu sa ba da ka wayi gari da bashin sama da biliyan biyu a cikin wasan. Ko YouTube a Disamba 2014 sai da ta sanar cewa ta faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurbi 64, lokacin da kallon wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya kai wannan adadi.

Ka riƙe siffar nan ta 2^31 − 1 da kyau, sauran amsoshin da ke ƙasa duk daga jikinta suke fitowa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sakandare, malaminmu na lissafi yace mana 2,147,483,647 firaim ce, wai babu lambar da ke raba ta sai 1 da ita kanta, kuma wai tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta aka tabbatar. Ni dai abun ya tsaya min a rai, ta yaya mutum da biro da takarda zai gwada lambobi biliyan biyu?

AMSA: Ƙanwata tambayarki tayi min daɗi ƙwarai, dan irin wannan rashin gamsuwar shi ake so ga mai koyon lissafi. Malaminku gaskiya ya faɗa. Leonhard Euler ne ya tabbatar, ɗan ƙasar Suwizalan, ya rubuta hakan a wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772, kuma a lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Amma bai gwada lambobi biliyan biyu ba, ko dubu ɗaya bai gwada ba, bari mu bi abun a hankali kiga yadda aikin ke raguwa.

Da farko gwajin da kika sani. Ƙarshenta 7 ne, dan haka mara ce ba cika ba, 2 bata raba ta, 5 ma haka. Ki tara dijit ɗinta goma, 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, zaki samu 46, uku bata raba 46 to bata raba uwar lambar ma. Wannan share fage ne kawai.

Ragi na farko mai girma shine, in lamba tana rabuwa to masu raba ta bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 91 da take 7 sau 13. Ƙaramin bazai taɓa wuce lambar da in an ninka ta da kanta zata bada uwar ba. Anan 46,340 sau 46,340 yana bada 2,147,395,600, shi kuma 46,341 sau kansa ya riga ya zarce. Kenan in kika duba har 46,340 baki samu mai raba ta ba, kin gama. Daga biliyan biyu mun dawo dubu arba'in da shida, kuma cikinsu firaim kaɗai ake buƙatar gwadawa, su kuma basu kai dubu biyar ba.

Har yanzu da yawa ga mai aikin hannu, to anan ne siffar lambar tayi rana. Tun 1640 Pierre de Fermat ya gano cewa in p, wato lambar da ke saman 2, firaim ce da ta wuce 2, duk firaim ɗin da zata raba 2^p − 1 dole ta kasance ninkin 2p ne da ɗaya a kai. Ki gwada da 2^11 − 1 wato 2047, wadda take 23 sau 89. Ninkin 11 biyu 22 ne, 23 kuwa 22 ce da ɗaya, 89 kuma 22 sau huɗu ce da ɗaya. Kin ga doka ta zauna. A tamu lambar p 31 ce, dan haka sai 63, 125, 187, 249, 311 da ire-irensu, kowane tsalle 62. Euler ya ƙara wani sharaɗin, cewa mai rabawar in aka raba ta da 8 dole ragowar ta zama 1 ko 7, wannan ya sake zubar da rabi. 125 ta fita, 187 ta fita. Abun da ya rage bai wuce 373 ba, kuma cikinsu ma da yawa ba firaim bane, kamar 63 da 249 da uku ke rabawa. Ta farko da ta cancanci a zauna a gwada ita ce 311, ki ɗauko takarda ki raba da kanki, 311 sau 6,905,092 yana bada 2,147,483,612, saura 35, bata raba ba. Haka ake bi har ƙarshe, aiki ne mai cin lokaci amma ɗan adam zai iya. Ni a ganina wannan shine kyawun lissafi, tunani ne ya cinye kusan duka aikin kafin hannu ya taɓa alƙalami.

Irin waɗannan lambobi masu siffar 2^p − 1 ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani limamin Kirista Bafaranshe Marin Mersenne wanda a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firaim ne. Ya dace a kan 31, amma ya saka 67 da 257 alhali suna rabuwa, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Ta 67 ɗin sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna masu raba ta a wani taron masana lissafi a New York, 193,707,721 sau 761,838,257,287. Tamu ita ce ta takwas a jerin na gaskiya: 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071, 524,287, sai ita. Ta shida da ta bakwai Pietro Cataldi ne ya tabbatar dasu a 1588, kiga tsawon shekarun da aka ɗauka kafin a ƙara taku ɗaya, kuma ta Euler ta riƙe kambun firaim mafi girma da aka sani har 1867.

Yanzu akwai hanya mafi gajarta da Édouard Lucas ya faro a 1876, Derrick Lehmer ya kammala ta wajen 1930. Ki fara da 4, ki ninka da kanta ki cire 2, in ta zarce lambar da kike gwadawa ki raba ki riƙe ragowa, ki maimaita sau p ba biyu, in kika ƙare a sifili firaim ce. Gwada 31 da take 2^5 − 1, taku uku kenan: 4 ta zama 14, 14 ta zama 194 wanda ragowarsa 8 ce, 8 ta zama 62 kuma 31 ta raba 62 ba saura. Sifili. Ga aikin gida nan, ki gwada 127, ya kamata kiga 14, 67, 42, 111, 0. Ita 2,147,483,647 taku 29 kawai take buƙata.

TAMBAYA: Malam ni ina koyar da lissafi a firamare, ina ganin ana kasa lambobi gida gida, wai wannan cikakkiya ce wannan mai rara ce wannan mai giɓi. Ya ake gane su, kuma babbar lamba irin wannan wane gida take?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Rabon nan tsoho ne, yana cikin rubutun Nicomachus Bagirke tun wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit bin Ƙurra ya fassara aikin zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Yadda ake yi shine ka tara duk masu raba lamba banda ita kanta. In jimlar ta gaza lambar, mai giɓi ce, kamar 8 da masu raba ta 1 da 2 da 4 suka bada 7. In ta zarce mai rara ce, kamar 12 da ke bada 16. In tazo daidai wa daida ita ce cikakkiya, 6 kenan da take 1+2+3, sai 28, sai 496, sai 8,128. Yara suna son wannan sosai in aka basu su nemo da kansu daga 1 zuwa 30.

Tamu tunda firaim ce jimlar tata 1 ce tak, kenan giɓinta ya kai maƙura. Amma abun da nafi so ka nuna wa ɗalibai shine maƙwabtanta biyu, dan su gane cewa kusancin lambobi baya nufin halinsu ɗaya. Ta bayanta, 2,147,483,646, ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, masu raba ta 192 ne kuma mai rara ce. Ta gabanta, 2,147,483,648, babu komai a cikinta sai 2 zalla sau 31, masu raba ta 32, kuma in ka tara su banda ita kanta abun da zaka samu shine 2,147,483,647, wato da ɗaya kacal ta gaza zama cikakkiya. Lambobi uku a jere, 192 da 2 da 32. Wannan rarrabuwar ta bayan ma ita ke bayyana wani abu da mai lura zai gani, in ka raba tamu da 3 ko 7 ko 9 ko 11 ko 31 kullum ragowar 1 ce.

Sai alaƙarta da cikakkun lambobi, wadda ita ce ta sa magabata suka damu da ita tun asali. Euclid ya nuna cewa duk sanda 2^p − 1 ta zama firaim, in ka ninka ta da 2^(p−1) zaka samu cikakkiya. 3 sau 2 shida, 7 sau 4 ashirin da takwas, 31 sau 16 ya bada 496. Ibnul Haisam yayi aiki a kan ko duk cikakkiyar lamba da take cika haka siffarta take, Euler ne daga baya ya kawo cikakkiyar hujja cewa eh haka ne. Dan haka tamu ta haifi cikakkiya ta takwas, 1,073,741,824 sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128. Ko akwai cikakkiyar lamba da take mara? Har yau duniyar lissafi bata samu ko ɗaya ba kuma bata tabbatar babu ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin gida kuma da take ciki. 31 ɗin da ke samanta ita ma 2^5 − 1 ce, Mersenne a kan Mersenne kenan, kuma firaim huɗu kaɗai aka sani masu wannan hali: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1.

TAMBAYA: Malam jikana yace min wai a shekarar 2038 duk kwamfutoci da wayoyi zasu rikice. Gaskiya ne ko irin surutun yaran zamani ne?

AMSA: Ranka ya daɗe akwai gaskiya a ciki amma ya ɗan ƙara gishiri. Tsarin Unix, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, da 'ya'yansa suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma tsofaffin na'urori a gurbi 32 ɗin nan suke ajiye ƙirgar. Daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki, zata cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT, daƙiƙa ɗaya bayan nan na'urar da ba'a gyara ba zata ɗauka tana 13 ga Disamba 1901. Sabbin wayoyi da kwamfutoci mafi yawa sun koma gurbi 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, a daƙiƙa hakan ya kai wajen shekara biliyan 292. Inda damuwar take shine ƙananan na'urori da ake dasawa cikin injina a manta dasu shekara ashirin talatin, da tsofaffin rumbunan bayanai da ba'a taɓa ba, su ne injiniyoyi ke bi suna gyarawa tun yanzu. Wayar da ke hannunka da wuya ma ta kai lokacin.

Ita waccan ta gurbi 64 ɗin, 2^63 − 1, ba firaim bace, 7 na raba ta 127 ma na raba ta, sabida 63 kanta tana rabuwa. Kenan dacewa ce ta musamman ace iyakar gurbi 32 ta faɗo kan firaim.

TAMBAYA: To Malam wacce ce firaim mafi girma a duniya, kuma meye amfanin ɓata wuta da lokaci wajen nemanta? Naji ance da su ake kulle bayanan banki.

AMSA: Ɗan'uwa babu mafi girma, Euclid ya rufe wannan ƙofar sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ace ka kawo min jerin firaim kace su kenan, sai in ninka su duka in ƙara ɗaya, sabuwar lambar duk wadda ka raba ta da ita cikin jerinka saura ɗaya zai rage, dan haka dole akwai wata firaim da bata cikin jerin. Abun da ake da shi shine mafi girma da aka sani. A Oktoba 2024 aka sanar da 2^136,279,841 − 1, mai dijit 41,024,320, wadda Luke Durant ya samo ƙarƙashin shirin GIMPS, wani haɗin gwiwar masu sa kai da ke aiki tun 1996, ita ce ta 52 da aka sani a gidan Mersenne. Ka tuna tamu dijit goma ce. Dalilin da yasa kusan kullum 'yan gidan Mersenne ke riƙe kambun shine gwajin Lucas da Lehmer ɗin nan da na nuna wa ƙanwarmu a sama, sauran lambobi masu irin wannan girma basu da gwaji mai sauƙinsa. Lucas da hannu ya tabbatar da 2^127 − 1 mai dijit 39 a 1876, kuma a 1952 kaɗai Raphael Robinson ya samo sabbi guda biyar da kwamfutar SWAC.

Maganar banki kuma a gyara ta kaɗan. Gaskiya ne tsarin kulle bayanai na RSA yana amfani da firaim, amma masu dijit ɗaruruwa ne da ake zaɓa a ɓoye, firaim ɗin da duk duniya ta san sunanta bata da amfani a matsayin makulli. Masu neman manyan nan yawanci son sani ne ke jansu, kuma ni banga laifin hakan ba ko kaɗan, balle manhajar da suke amfani da ita ta zama abun gwada lafiyar kwamfuta sabida yadda take matsa mata. Ita kuwa 2,147,483,647 tana da aikin yi na zahiri. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka bada shawarar wata hanya ta samar da lambobin canke a kwamfuta: ka ɗauki lamba ka ninka da 16,807, ka raba da 2,147,483,647, ragowar ita ce lamba ta gaba, ka sake maimaitawa da ita. Kasancewarta firaim, tare da dacewar 16,807 ɗin, shi ke sa lissafin ya zagaya duk lambobi daga 1 har 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa, kasancewarta daidai cikin gurbi 32 kuma shi yasa aka zaɓe ta tun farko. Ko firaim ɗin Mersenne suna da iyaka ko basu da ita, wannan har yanzu babu wanda ya kawo hujja a kai.